Murfi Biyu a Famfo Ɗaya

Samarin da ke taruwa a ƙofar shagona da yamma suna ganin sana'ar taki zaman inuwa ce kawai. A wurinsu, mota ta sauke buhu, manomi ya zo ya ɗauka, Alhaji Lawal ya gyara zaman hularsa, aiki ya ƙare. Ɗayansu har ya taɓa ce min ranar da ya samu jari shi ma taki zai kama, don bai ga abin da nake yi wanda shi ba zai iya ba. Ban yi masa musu ba. Saboda shi da ire-irensa ne na zauna na rubuta wannan, kuma ba zan ɓoye inda na yi wauta ba, don a nan ne darasin ya fi yawa.

Aikina na farko a wannan sana'a fasa dunƙulallen taki ne da taɓarya. Maigidana, marigayi Alhaji Ɗanjuma, yana da rumfa a wani lungu bayan rijiyar Kusugu a nan Daura, kuma duk buhun da danshi ya taɓa ya zama dutse, ni ake turo wa. In zazzage shi a kan leda, in daka, in tankaɗe, in mayar, in ɗinke bakin da basilla. Shekara biyu na yi ban taɓa sikeli ba. A wannan dakan ne hannuna ya san kaya. Yuriya ta gaskiya idan ka jiƙa ta a tafinka za ka ji sanyi kamar ka riƙe ƙanƙara. Kamfa kuwa sai ka jefa 'yan ƙwayoyi a kofin ruwa ka jira, in an gauraya shi da yashi, yashin zai kwanta a ƙasa ya tona asirin mai shi. Kayan aikinmu ke nan: tiya, mudu, basilla, sikeli, kofin ruwa, da katakon da ake jera buhu a kai don kada ƙasa ta ba shi danshi.

Akwai kuma abin da ba a gani a cikin kayan aiki, shi ne gyara. Maigidana ba ya yarda mai saye ya tashi da abin da ya biya kawai. In ka auna wa mutum tiya ta yi tozo, sai ka damƙo hannu guda ka ƙara masa. Ya taɓa kama ni na sallami wata tsohuwa ba gyara, ya sa na bi ta da gudu har bakin titi da taki a hannuna. Tun daga ranar hannuna yake yin gyara da kansa, ko ban sa shi ba.

Lokacin da na buɗe nawa shagon, rabin sana'ar kallon sama ne. A da ina iya faɗa maka satin da za a yi ruwan shuka, in na kuskure, bai wuce kwana goma ba. Na san lokacin da zan tara kamfa, na san lokacin da za a zo neman yuriya bayan noman farko. Yanzu kuwa in na ce ga ranar ruwa, ƙarya na yi. Akwai shekarar da aka yi ruwa mai kyau da wuri, kowa ya shuka, sannan sama ta rufe bakinta sati uku, shukar ta bushe. Wasu sai da suka yi shuka sau uku. Wata shekarar kuma ruwan da ya kamata ya rabu cikin wata guda sai ya zubo a yini ɗaya. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe komai. Mutum ya binne takinsa yau, gobe ruwa ya kwashe shi ya kai wa ciyawar kwari. A rediyo suna ce masa sauyin yanayi. A shagona kuwa sunansa takin Alhaji Lawal ba shi da ƙarfi bana, don manomi ba zai je ya yi wa hadari faɗa ba, ni yake gani.

Cikin masu sayena akwai Malam Haruna, daga wani ƙauye bayan Zango. Dattijo ne siriri, ba ya yawan magana, kuma shi ne ma'aunin ƙauyensu. Irin da ya shuka shi za su shuka, shagon da ya shiga shi za su shiga. Shekara ashirin yana saye a hannuna, bai taɓa buɗe buhu ya duba ba. In na ce mai kyau ne, ya ɗaure a bayan babur ya tafi. Duk wanda ya san kasuwa ya san wannan ya fi jari. Kusan rabin cinikina na damina daga ƙauyensu yake zuwa, kuma a bayansa yake zuwa.

Wata bazara wani ma'aikacin kamfani ya zo daga Kano, Injiniya suke ce masa, da katon guda a bayan mota. Ya ciro wata 'yar kwalba da ba ta kai ta lemo ba, ya ce taki ne. Na karɓa na jinjina ta a hannu kamar yadda nake jinjina buhu, na tambaye shi ina sauran. Ya yi dariya ya zauna ya yi min bayani. Ya ce fasahar nano ake kiranta. An niƙa abincin shuka ne ya yi ƙanƙanta, ya fi garin tuwo laushi nesa ba kusa ba, har ido ba ya ganin ƙwayarsa, sannan aka sa shi a ruwa. Ba a binne shi a ƙasa, a ganye ake fesawa, sai ya shiga ta 'yan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska. Don haka ruwan sama ba zai kwashe shi daga gindin shuka ba, kuma ba sai an jira ƙasa ta jiƙa sharaf ba. Wannan ya shige ni, don ya taɓa daidai inda ke mana ciwo.

Ya ce murfi biyu ake zubawa a famfon feshi ɗaya. Ya ci gaba da wasu sharuɗɗa, amma a daidai lokacin wani ya shigo neman maganin ɓera, na tashi na sallame shi, ina ta cewa Injiniya to, to, ina jinka. Ba na jinsa. Da zai tafi ya ba ni takardar bayani da Turanci. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, amma ban ga dalilin da zan gaya wa yaron da na haifi kamarsa haka ba. Na karɓa na duba ta sama da ƙasa ina gyaɗa kai. Bayan ya fita na ninke ta huɗu na cusa ƙarƙashin ƙafar sikeli, don ya daɗe yana rawa.

Kada ku ce ban gwada ba. Ban taɓa sayar da abin da ban gwada ba. Na kai kwalba gida na fesa wa alayyafo da yakuwar da matata Hajiya ta shuka a bayan ɗaki. Cikin kwanaki suka yi kore shar, har ta tambaye ni ko wani asiri na samo. Abin da ban lura da shi ba shi ne wurin nan a nan kowa na gidan yake alwala. Shukar da ke shan ruwa sau biyar a rana, a inuwar katanga, ita na ɗauka na yi wa gonar jigawa hukunci da ita.

Daminar nan ta fara da kyau. Aka yi shuka, gero ya tsiro, aka yi noman farko. Sai ruwa ya ɗauke. Kwana goma sha biyu ba ko ɗigo, ga lokacin sa yuriya ya yi. Wanda ya binne ta a busasshiyar ƙasa ya san asara ya yi. Ranar nan Malam Haruna ya shigo, muka gaisa, ya zauna yana kallon buhunan. Ya ce gero yana neman abinci amma ƙasa ba za ta karɓa ba, bai san yadda zai yi ba. Na miƙa hannu na ɗauko kwalbar, na zayyana masa duk abin da Injiniya ya faɗa, har da ƙofofin ganye, kamar ni na ƙirƙiro.

Ya juya ta a hannunsa ya ce, "Alhaji, wannan ɗan abin? Ai ko maganin tarin jikata ya fi shi yawa."

Na ce ya gwada, ni na tsaya masa. Ya ce tunda na faɗa shi ke nan, in auna masa na gona ɗaya. Sai ya tambaye ni nawa ake zubawa a famfo.

A nan ne abin ya faru, kuma ina so ku fahimce shi sosai. Na buɗe baki zan ce murfi biyu, sai na ji kunya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana ɗaukar buhu daga shagona, in dube shi in ce murfi biyu? Sai na ji kamar rowa nake masa. Na ce uku. Na tsiyaya masa na famfo shida a wata kwalbar, kuma kafin in rufe, hannuna ya karkata ya ƙara masa gyara mai kyau. Ya tambaya me zai yi da ƙarin. Na ce ya raba shi cikin famfunan, ai taki ne ba guba ba.

Kwana uku bayan nan wani direban motar kasuwa ya tsaya a ƙofar shago, bai ko kashe mota ba, ya leƙo ya tambaye ni ko na ji gonar Malam Haruna ta bakin hanya ta ƙone. Ya ce ba wuta ba ce, wani magani ne aka ce an sayo a Daura. Ya faɗi haka yana kallon kantar da kwalaben ke kai.

Na ɗaga sikeli na zaro takardar nan, na tsallaka wurin maƙwabcina Emeka mai sayar da kayan gyaran babur, na gaya masa abin da ya faru. Shekara goma sha biyar muna jere, shi yake karanta min duk abin da ya zo da Turanci, in dai girman kai ya bar ni na kai masa. Ya warware ta, ya goge tsatsar da ƙafar sikeli ta bari, ya karanta yana fassarawa da Hausarsa. Murfi biyu, kada a wuce. A fesa da sassafe ko da yamma lis, ban da tsakar rana. Kada a fesa wa shukar da ƙishi ya riga ya lanƙwasa wa ganye. Kuma ba ya maye gurbin takin da ake sawa a ƙasa, taimako yake yi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Alhaji, wanne ka gaya wa mutumin a ciki?" Na ce babu ko ɗaya. Ya ninke ta ya miƙo min, ya ce da na kawo tun farko ai ba kuɗi yake karɓa ba.

Na hau babur zuwa ƙauyen. Gonar tana bakin hanyar da kowa ke bi zuwa kasuwar Zango, ita ce mafi kyawu cikin gonakinsa, kuma daga ita abincin gidansa na shekara yake fitowa. Tun daga nesa na hango ta. Gonakin maƙwabta sun yi yaushi saboda fari, amma kore ne. Tasa kuwa ganyen ya yi ja ya naɗe daga baki, kamar an wuce da bakin wuta ta kansa. Mutane kusan ashirin suna tsaye a gefe.

Abin da ya ba ni mamaki, kafin in sauka daga babur sun riga sun shirya min hanyar fita. Wani ya ce jabu kamfani ya kawo min, an cuce ni ne ni ma. Wani ya ce kayan waje ba sa jituwa da ƙasarmu. Wani ya ce fari ne kawai, da ma gonar za ta mutu. Da na gyaɗa kai ga ɗaya daga ciki, da na koma gida da mutuncina. Ba zan ce ban yi tunanin haka ba. Na yi, har na zaɓi ta kamfani, don ita ta fi tsabta. Amma Malam Haruna yana tsugune a bakin kunya yana murza busasshen ganye, ni yake jira. Mutumin da bai taɓa buɗe buhuna ya duba ba.

Na ce kayan ba su da laifi, ni ne. Na gaya musu biyu aka ce, na ce uku, na kuma ƙara gyara. Na gaya musu an hana fesawa da rana, an hana fesa wa shuka mai ƙishi, kuma duk yana cikin takardar da na tokare sikeli da ita.

Malam Haruna ya ɗago ya ce, "Uku ka ce?"

Na ce uku.

Ya ce, "Biyar na zuba."

Na tambaye shi dalili. Ya ce shi dai ya san ɗan kasuwa, in ya ce uku to ya rage wani abu ne don kayansa su yi auki, sai ya cika da kansa. Ya kuma fesa bayan azahar, don da safe ya je bikin suna. Wani tsoho a bayana ya ce to, Alhaji ya yi wa kamfani gyara, Malam ya yi wa Alhaji gyara, gero ne kaɗai ba a tambaya ba. Wasu suka yi dariya. Malam Haruna bai yi ba.

Na kira Injiniya daga bakin gonar. Bai ce ai na gaya maka ba, ko da yake na ji ta a muryarsa. Ya ce kada a ƙara sa komai, a duba tsakiyar shukar, in sabon ganyen da ke ciki yana kore, za ta iya farfaɗowa idan ruwa ya zo. Muka bi kunya kunya muna buɗawa. Gefen gangare da sauran rai, gefen tudu ya riga ya tafi. Kwana takwas aka ƙara kafin ruwa ya sauka. A kwanakin nan na fi kowane manomi a ƙasar Daura kallon gabas, har Hajiya ta ce ko limanci na koma nema.

Gefen gangare ya tashi. Gefen tudu kuwa lokacin gero ya wuce, sai na kai masa irin wake mai saurin nuna. Ya karɓa ya ce an gode, iyakarta ke nan. Da kaka gonar ba ta ba shi rabin abin da ta saba ba. Na aika masa da buhun gero biyu a mota, ya dawo da su, ya ce a gaya min shi ma da hannunsa a ciki, ba zai ci na mutum a kan laifin da suka raba ba. Wannan ya fi zagi zafi. Duk ranin nan in ya shigo Daura sai ya tsaya daga bakin titi ya ɗaga min hannu, ya wuce. 'Yan ƙauyensu ma suka koma wani shago a Zango. Katon ɗin kwalaben na tura shi can ƙarƙashin kanta, na rufe da tsohon buhu.

Da damina ta kewayo, bayan an yi shuka, wata safiya sai ga shi ya shigo har ciki. Ya sayi rabin buhun kamfa, kuma a karon farko ya kwance bakin ya zura hannu ya duba. Na kawar da kai. Da ya gama ɗaurewa ya tambaye ni ko abin nan yana nan. Na ce yana nan. Ya ce ya yi ta tunani, ruwa ba zai koma yadda yake a da ba, kuma in biyar ta iya ƙone gona to abin ba ruwan banza ba ne, yana so ya ga abin da biyu za ta yi. Zai ware kunya goma. Na fara godiya, ya ɗaga min hannu.

Ya ce, "Amma ba ni zan fesa ba, Alhaji. Kai za ka zo ka goya famfon."

Na ce ina da wanda zan turo. Ya ce a'a, wanda ya ce uku shi zai zo.

Na je. Shekarata sittin da ɗoriya, da tumbina, na tuɓe babbar riga na rataye a reshen gawo, na goya famfo cike da ruwa. Na sayi sirinji a kemis don kada in sake dogara da murfi ko da hannuna, Malam Haruna ya karɓe shi ya ce shi zai auna. Ashe famfon nan da nake sayarwa shekara da shekaru ban taɓa sanin nauyinsa ba. Hannun hagu yana bugawa, na dama yana fesawa, ƙafa tana nutsewa a yashi, ga 'yan kallo a bakin hanya suna tambaya ko kasuwa ce ta karye. A kunya ta shida na zauna a ƙasa. Ba wanda ya karɓe ni.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kwalbar nan ta yi abin al'ajabi ba. Ba ta kawo ruwa, ba ta maye gurbin buhu, kuma wanda bai sa takin gargajiya da kamfa a ƙasa ba kada ya jira komai daga gare ta. Amma shekarar ma an yi ɗan fari na kwanaki bayan feshin, kuma da Malam Haruna ya aiko in zo in gani, kunya goman nan sun fi sauran duhun kore, kara ya fi kauri. Ko mai wucewa a kan babur zai iya nuna inda na tsaya.

Mutane sun fi na bara yawa a bakin gonar. Malam Haruna ya bi kunyoyin ya dawo, ya karkaɗe hannunsa, ya ce gobe in zo in ƙarasa sauran gonar. Sannan ya nuna maƙwabcinsa da haɓa, ya ce Malam Isa ma yana so, da mutum huɗu a bayansa, kuma duk sun ce a irin sharaɗinsa.

Na ce masa sai dai jibi, bayana bai sake ni ba tun wancan karon.

Ya ce, "To jibin. Amma da sassafe, Alhaji, kafin rana ta ɗaga."